Ƙaramar minista ko ƴar majalisa: wace kujera ce ta mutum, wace ce ta aro?

A zaɓen 2023 babu mace ko ɗaya da ta shiga majalisar dokokin Kebbi mai kujeru 24, haka ma ta Zamfara mai kujeru 24. Ƴan majalisar wakilai takwas na Kebbi da bakwai na Zamfara, da sanatoci shida na jihohin biyu, duk maza ne. Shi ya sa idan ana hirar mata da siyasa a Birnin Kebbi ko Gusau, hirar kan karkata zuwa naɗi: a ba su kwamishina, a ba su mai ba gwamna shawara, in da rabo a ba su minista. Ana ganin naɗi ya fi sauƙi, ya kuma fi tsare mutunci, tunda babu yawon kamfe, babu zagin ƴan bangar siyasa. Sauƙin gaskiya ne. Amma duk wadda take son ta daɗe ana damawa da ita, ya kamata ta san bambancin kujerun nan biyu tun kafin ta sa ƙafa, kuma babu inda bambancin ya fito fili kamar tarihin Hajiya Khadija Bukar Abba Ibrahim ta jihar Yobe.

Ta fara da kwamishinar sufuri da makamashi a Yobe a 2004. A 2007 ta ci kujerar majalisar wakilai ta Damaturu, Gujba, Gulani da Tarmuwa a ANPP, ta sake ci a 2011, ta kuma ci a 2015 a APC. Watanni kaɗan da rantsar da majalisar, Shugaba Buhari ya aika sunanta majalisar dattawa, aka rantsar da ita ƙaramar ministar harkokin waje a watan Nuwamban 2015, Geoffrey Onyeama na babban minista. Ta yi shekara uku da ɗoriya a ofishin. A zaɓen fidda gwani na APC na watan Oktoban 2018 ta kara da ɗan mijinta a kan tsohuwar kujerarta, ta samu ƙuri'a 1,295, shi kuma 15. Ta ajiye muƙamin minista a Janairun 2019, ta ci zaɓe, ta shugabanci kwamitin majalisar mai kula da hukumar raya Arewa maso Gabas, ta kuma sake dawowa a 2023.

Kada a yi wa kai ƙarya, gidan da ta fito ya yi mata rana. Ɗiyar Alhaji Waziri Ibrahim ce, jagoran jam'iyyar GNPP a jamhuriya ta biyu, mijinta kuma marigayi Bukar Abba Ibrahim ya mulki Yobe har sau uku kafin ya tafi majalisar dattawa. Mace daga Augie ko Maradun da ba ta da irin wannan gata ba za ta fara daga inda ta fara ba. Sai dai ɗan da ta kayar shi ma ɗan gidan ne, sunan da take amfani da shi na mahaifinsa ne, amma ya tashi da ƙuri'a 15. Abin da ya raba su shi ne ita ba ta saki gundumominta ba duk tsawon zamanta a Abuja.

Mu a Kebbi misalin da muka fi sani ya bi ta wata hanya dabam. Hajiya Salamatu Hussaini Suleiman, ƴar Argungu, lauya ce da ta yi aiki a hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta ƙasa. Marigayi Umaru Musa Ƴar'aduwa ya naɗa ta ministar harkokin mata a Disambar 2008, a 2010 ta koma ƙaramar minista ta biyu a ma'aikatar harkokin waje, daga 2012 zuwa 2016 kuma ta riƙe kwamishinar harkokin siyasa, zaman lafiya da tsaro ta ECOWAS. Wannan hanyar ƙwararru ce: ilimi da gogewar aiki ne jarin, ba daliget masu zaɓen fidda gwani ba. Hanya ce mai kyau, amma ƙofarta ƙarama ce, kuma mabuɗin yana hannun mutum ɗaya.

Ga yadda naɗin yake tafiya. Sashe na 147 na Kundin Tsarin Mulki ya ce dole shugaban ƙasa ya ɗauki aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, wanda kuma ɗan asalin jihar ne, sannan sai wanda ya cika sharuɗɗan tsayawa takarar majalisar wakilai. Tun gyaran da aka yi a 2023, yana da kwana 60 daga rantsuwarsa ya miƙa sunaye. Kafin sunan ya isa majalisar dattawa akwai binciken jami'an tsaro, da fom ɗin bayyana kadarori na hukumar ɗa'ar ma'aikata, da takardun makaranta da na bautar ƙasa. Takardar bautar ƙasa ce ta raba Kemi Adeosun da ma'aikatar kuɗi a Satumban 2018, saboda haka ba abin wasa ba ce. A zauren majalisar kuwa akwai al'adu biyu da ba a rubuce suke a tsarin mulki ba amma suna aiki: ana son sanatocin jihar mutum su mara masa baya, sannan wanda ya taɓa zama ɗan majalisa yawanci ba a tsare shi da tambayoyi, sai ya gabatar da kansa, ya rusuna, ya wuce. A nan tsohuwar ƴar majalisa take cin ribar zamanta.

Maganar asali ita ce tarkon matan aure. Takarar majalisa ba ta buƙatar takardar asalin jiha a doka, amma kujerar minista tana buƙata. Ƴar Zuru da ke aure a Gusau za ta iya jin cewa a Zamfara baƙuwa ce, a Kebbi kuma an ce ta riga ta tafi gidan miji. Ɗaya daga cikin ƙudirori biyar kan mata da majalisar tarayya ta yi watsi da su ranar 1 ga Maris 2022 yana neman mace ta zama ƴar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar da aure. Tunda bai wuce ba, mai wannan buri ta tsai da jiha ɗaya tun da wuri: nan rajistar zaɓenta, nan katin jam'iyyarta, nan ake ganinta a biki da ta'aziyya.

Ko sunan ya fito a rediyo, ba a gama ba. A watan Agustan 2023 Maryam Shetty ta Kano ta isa harabar majalisa domin tantancewa, a ranar aka janye sunanta aka sa na Dokta Mariya Mahmoud. A wannan zagayen dai majalisar ta ƙi tabbatar da mutum uku, har da Stella Okotete ta Delta, bisa dalilin rahoton tsaro. Babu kotun da za a kai irin wannan ƙara, domin babu wanda yake da haƙƙin a naɗa shi.

To, an rantsar. Me ƙaramar minista take da shi a hannu? A nan ne mutanen gida suka fi yin kuskuren lissafi. Tsarin mulki bai san wani abu ƙaramin minista ba, minista kawai ya sani, sashe na 148 kuma ya bar wa shugaban ƙasa ya raba aiki yadda ya ga dama. A aikace, ƙarfin ƙaramar minista ya rataya ne a kan takardar rabon aiki da ke fayyace sassan ma'aikata da hukumomin da ke ƙarƙashinta. In takardar ta fito a rubuce, da sunayen hukumomi, tana da abin yi. In ba ta fito ba, ko aka rubuta ta a dunƙule, fayil zai riƙa wucewa daga tebur ɗin babban sakatare zuwa na babban minista ba tare da ya biyo ta ofishinta ba, daraktoci kuma sun san inda sa hannu mai amfani yake. Takardar da za a kai majalisar zartarwa yawanci sai ta bi ta hannun babban minista. Kwangila kuwa, dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ɗora alhakin kuɗin ma'aikata a kan babban sakatare, shi ne kuma yake shugabantar kwamitin ba da kwangila na ma'aikatar. Festus Keyamo, da ya yi ƙaramin ministan ƙwadago, ya faɗa a gaban Buhari a zaman bankwana na majalisar zartarwa a Mayun 2023 cewa muƙamin ba shi da gurbi a tsarin mulki, kuma da yawa daga masu riƙe da shi ba a ba su abin yi.

Ma'aikatar ma tana da nata tasirin. Harkokin waje akwai girma, akwai tafiye-tafiye da karɓar jakadu, amma babu rijiyar burtsatse ko aji biyu da za a kai ƙauye. Mai riƙe da ilimi ko lafiya ko noma ta fi samun abin nuna wa mutanenta. Su kuwa mutanen gari ba ruwansu da wannan rarrabewa, sun ji an ce minista, za su cika ƙofar gida da takardun neman aiki da katin asibiti. Wadda ba ta iya cewa “wannan ba ya hannuna” cikin ladabi ba, za ta yi ta alƙawarin da zai zama abin zaginta ranar da ta dawo neman ƙuri'a. Ba a rasa waɗanda ƙaramin ofishin ya zame musu tsani: Zainab Shamsuna Ahmed ta fara da ƙaramar ministar kasafi da tsare-tsare a 2015, ta zama ministar kuɗi a 2018. Amma wannan ma shawarar mutum ɗaya ce. Haka sauke mutum: ranar 23 ga Oktoban 2024 Shugaba Tinubu ya sallami ministoci biyar, uku daga cikinsu mata, da sanarwa guda. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya sa lissafin ya fi nauyi a kan ƴar majalisa shi ne ba a riƙe biyun a lokaci guda. Da zarar ta yi rantsuwar minista, tsarin mulki ya ɗauka ta ajiye kujerarta, sai hukumar zaɓe ta shirya zaɓen cike gurbi. Mun ga haka a gida: Dokta Yusuf Tanko Sununu ya ci kujerar Yauri, Shanga da Ngaski a 2023, aka naɗa shi ƙaramin ministan ilimi a Agustan shekarar, aka yi zaɓen cike gurbi a Fabrairun 2024. Wanda ya hau kujerar ba riƙon ƙwarya ya zo yi ba. Zai kafa nasa mutanen a gundumomi, kuma shi za a tarar a gaba ranar da aka so dawowa.

Dawowar ma ta ƙara tsada. Lokacin Hajiya Khadija, minista kan yi zaɓen fidda gwani yana ofis, in ya samu tikiti sai ya ajiye aiki kafin babban zaɓe. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta toshe wannan a sashe na 84(12): mai riƙe da muƙamin naɗi ba zai yi zaɓe ko a zaɓe shi a taron fidda gwani ba. Shi ya sa a Mayun 2022 Buhari ya ce duk ministan da ke da buri ya sauka. Wasu suka sauka, wasu suka duba suka fasa takarar, cikinsu har da Abubakar Malami da ake ta maganar zai nemi gwamnan Kebbi, da Pauline Tallen da ta so kujerar sanata a Filato. Ana yawan taɓa dokar zaɓe kafin kowane zagaye, don haka lauya ya duba wadda ke aiki a lokacin, amma a shirya wa mafi tsanani: a saki ofis tun ba a san ko tikitin zai samu ba.

Ita kujerar majalisa, in an same ta, shekara huɗu ce da ba mai ƙwace ta da sanarwa. Kiranye yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a kan Dino Melaye a 2018, an gwada a kan Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025, duka bai kai ko'ina ba (ko da yake ita Natasha majalisar dattawa ta dakatar da ita wata shida, wanda ke nuna cewa zauren ma yana da nasa bulalar). Ga ayyukan mazaɓu da ake sakawa a kasafin hukumomin tarayya, ga kwamiti, kuma shugabancin kwamiti mai nauyi ya fi zuwa hannun waɗanda suka yi zango biyu ko uku. Wadda ta je sau ɗaya ta dawo, ta tafi ne kawai ta koyo hanyar ofis.

Saura babbar magana, wato tikiti, domin a nan ne matanmu suke faɗuwa, ba ranar babban zaɓe ba. Sharuɗɗan doka masu sauƙi ne: shekara 25 ga majalisar wakilai da ta jiha tun gyaran 2018, ilimi daidai da kammala sakandare, da jam'iyyar da za ta tsayar da mutum. Ma'aikaciyar gwamnati ta ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Kuɗin fom ma an sassauta: a 2022 fom ɗin majalisar wakilai naira miliyan 10 ne a APC, miliyan biyu da rabi a PDP, amma mata kuɗin takardar nuna sha'awa kaɗai suka biya, miliyan ɗaya a APC, dubu ɗari biyar a PDP. Wannan rangwamen yana da daɗin ji, yana kuma da dafi. Ranar da aka zauna sulhu, cewa ake yi, “Hajiya, ke da ba ki kashe komai ba, ki yi haƙuri ki janye wa ɗan'uwanki.” Fom kuma shi ne mafi ƙanƙantar kashe kuɗi a takara. Dokar 2022 ta sa iyakar naira miliyan 70 ga mai neman majalisar wakilai, miliyan 30 ga majalisar jiha, wannan kaɗai ya isa ya nuna girman abin.

A yi lissafin daliget. A 2022 APC ta yi amfani da daliget biyar daga kowace gunduma, PDP uku, ɗaya daga cikinsu mace. Kebbi na da gundumomi 225, Zamfara 147. Mazaɓar tarayya mai gundumomi 30 ke nan daliget 150 ne a APC, in ƴan takara biyu ne, mutum 76 sun wadatar. A wancan tsari na 2022, mutum 76 ne suke yanke wa dubban ɗaruruwan jama'a wanda za su gani a takardar ƙuri'a. Su wa suke rubuta sunayen daliget ɗin? Shugabannin jam'iyya na gunduma da na ƙaramar hukuma, waɗanda aka zaɓa a taron jam'iyya tun shekara guda ko fiye kafin a fara sayar da fom, galibi da amincewar gidan gwamnati. Mace ta fito wata uku kafin fidda gwani, ta raba atamfa da sabulu da taliya, ta shiga gida-gida, ta cika fili da mata suna guɗa. Duk wannan ƙuri'ar babban zaɓe take tarawa, kuma a nan ta fi namiji dama, tunda tana shiga inda ba ya shiga. Amma ko ɗaya cikin matan nan ba daliget ba ce. Aikin da ke kawo tikiti shi ne a sa hannu tun ranar zaɓen shugabannin gunduma, a san shugaba da sakatare da shugabar mata da shugaban matasa na kowace gunduma da sunansu, a kuma tabbata magoya baya suna cikin rajistar jam'iyya, domin dokar 2022 ta ce a miƙa wa hukumar zaɓe rajistar kwana 30 kafin fidda gwani. In aka koma ƴar tinƙe, wannan rajistar ce ke nuna wanda zai shiga layi.

Sannan akwai zaman dare. Yawancin rabon kujeru bayan isha'i ake yin sa, a falon wani jigo, wani lokacin har ƙarfe biyu. Matar aure a ƙasar nan ba za ta riƙa zama irin wannan wuri ba tare da an yi da ita ba, in kuma ba ta nan, da safe za ta ji an gama. Masu wayo suna da wakili namiji mai nauyi, yaya ko kawu ko wani dattijon jam'iyya, wanda zai zauna a madadinta kuma ba zai sayar da ita ba. Samun irin wannan mutum ya fi samun kuɗin fosta wuya. Yardar maigida da ta manyan gidansu ma a gama da ita tun kafin a je wurin sarakuna da malamai, domin tambayar farko da za a yi ke nan. Ga kuma yanayin ƙasa: a Danko-Wasagu ko Sakaba ko yawancin ƙananan hukumomin Zamfara akwai gundumomin da ba a shiga sai da rakiyar jami'an tsaro, a Ngaski da Shanga da Yauri akwai waɗanda sai da jirgin ruwa.

Idan aka ce an yi sulhu, doka tana gefen wadda ta ƙi. Dokar 2022 ta ce ba a fitar da ɗan takara ta hanyar maslaha sai da rubutacciyar amincewar duk waɗanda aka tantance, in ba a samu ba dole a koma zaɓe. Saboda haka kada a sa hannu a kowace takarda a cikin taro, komai girman wanda ya miƙo biro. In za a janye, a janye da sharaɗi bayyananne, da shaidu, a kuma san cewa alƙawarin “za a ba ki wani abu in an ci” ba shi da inda ake kai ƙararsa.

Ranar fidda gwanin kanta, abin da zai yi amfani daga baya takarda ce. A dokar 2022, jam'iyya sai ta ba hukumar zaɓe sanarwar kwana 21, jami'an hukumar su halarta, kuma kwamitin da uwar jam'iyya ta turo daga Abuja ne kaɗai zai gudanar da zaɓen, ba shugabannin jiha ba. Zamfara ta koya wa ƙasa duka wannan darasi: ranar 24 ga Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, ƙuri'unta duka suka zama asara, daga gwamna har ƴan majalisar jiha. Wakilan ƴar takara su karɓi kwafin sakamako mai sa hannu a wurin, su riƙe jerin sunayen daliget da aka tantance da shi, lauya kuma ya nemi kwafin rahoton jami'an hukumar zaɓe mai hatimi tun washegari.

Dalilin gaggawar shi ne ƙarar da ta shafi fidda gwani kwana 14 kacal take da shi daga ranar da abin ya faru, a Babbar Kotun Tarayya. Abin da aka saba yi wa mai ƙorafi shi ne a kafa kwamitin sasantawa, a ce ta dakata mai girma gwamna zai kira ta, a yi ta jan ta da “gobe” har kwanakin su cika, daga nan ko tana da gaskiya kotu ba ta da hurumin saurare. A shigar da ƙara tukuna, sannan a je zaman sasancin, ai ana iya janye ƙara. Ko an shigar a kan lokaci ma ba tabbas ba ne. Hajiya Halima Hassan Tukur, da ta wakilci Yauri, Shanga da Ngaski a majalisar wakilai daga 2007, rigimar tikitin PDP na 2011 tsakaninta da Garba Umar Uba sai da ta kai Kotun Ƙoli, tikitin kuma bai dawo hannunta ba.